Tafiyar Akara da ta ƙare a Seme

Kun dai san shirin da muka yi na zuwa Akara ta bakin teku bayan sallah, ni da Dogon nan na Agege da ƙanin matata. Ni ne uban tafiya, har guruf na buɗe mana a WhatsApp. Daga Legas mu bi Badagry mu tsallaka ta Seme, bodar Najeriya da Benin, mu kwana Kwatano, mu shiga Togo wadda gaɓar tekunta ko kilomita 60 ba ta kai ba, daga Lome sai Aflao a bodar Gana sai mu dire a unguwar Nima ta Akara wajen 'yan uwa. Duka tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba. Fasfon ECOWAS yana hannu, katin allurar shawara yana hannu, har lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa na je na yi, na jera komai a fayil. Aiki ɗaya tak aka ba Dogo, ya samo motar haya.

Ya kuwa samo Sienna fara sol, esi kamar firiza.

Muka isa boda, sabon ginin nan da aka buɗe a 2018, ni ina cikin farar shadda sabuwa dal, na fito da fayil ina miƙa takardu ɗai-ɗai tun kafin a tambaye ni. Jami'in ya ƙyale ni na gama tsaf sannan ya ce motar ta waye. Na ce ta haya ce ranka ya daɗe. Ya ce to ina takardar mai mota da ya yarda a fitar da ita daga Najeriya, ina Brown Card, wato inshorar ECOWAS da mota ke tsallaka boda da ita. Na juya wajen Dogo, sai na ga bawan Allah ya duƙufa yana duba taya.

Don in nuna mu ba mutanen banza ba ne na ce bari in kira mai motar, kuma na sa sifika. Sifika fa jama'a! Mutumin na jin kalmar Seme ya kurma ihu, wai ba Badagry kuka ce za ku kai amarya ba? Kowa a wurin ya ji, har wata mata mai ɗauke da daron abarba sai da ta tsaya. Jami'in bai ce uffan ba, ya dai leƙa bayan motar a hankali, ya dawo ya tambaye ni ina amaryar.

Ashe motar da tiraka a jikinta, na'urar nan da ake bibiyar mota da ita daga nesa. Muna komawa ciki na murza makulli shiru, daga Legas mai motar ya kashe abarsa. Ga tireloli a bayanmu suna ta hon, ƙanin matata ya kama sitiyari, ni da shaddata na koma baya ina turi cikin taɓo, hula ta faɗi, takalmi ɗaya ya maƙale. Dogo kuwa wai bayansa na ciwo.

Amma duk wannan bai ci min rai kamar wani tsoho ɗan canji ba, Basakkwace ne daga jin harshensa, yana zaune kan benci da jakarsa a cinya. Bai tashi ba, bai taimaka ba, sharhi kawai yake. Tura ta hagu Alhaji. A'a ka saki ƙugu. Da na tsaya shan iska sai ya ce sannu da zuwa Akara. Ni ko sanin sa ban yi ba! Kuma wa ya gaya masa Akara za mu? Dogo ne mana, tun muna layi ya je ya zauna suna cin goro. Abin takaicin, sefar da na canzo tun daga Legas dole wajen tsohon nan na mayar da ita naira, ya zabtare abin da ya zabtare, yana ƙirga kuɗin yana lasar yatsa yana cewa Allah ya kai mu baɗi. Sidin Gana da na canzo kuma ya ce ba ya so.

Sai bayan la'asar mai motar ya yarda ya kunna ta, bayan mun tura masa kuɗin tara. Har yau Dogo bai biya kasonsa ba, jiya ma ya turo hoton teku a guruf ɗin wai yaushe za mu sake shiri. Ƙanin matata ya ce a hau bas kawai daga tashar Mile 2 ta Legas. Ban dai amsa ba tukuna. In akwai mai zuwa Gana ya yi min magana, ina da sidi.