Takin da Ake Shukawa

(Fadamar Gulbin Maradi, kan hanyar Madarumfa. Bagobiri na zaune bakin kunya yana lissafin kuɗin taki da yatsu. Malamin gona ya jingine babur.)

MALAMIN GONA: Baba, sannu da aiki. Wane lissafi ne haka har da yatsun ƙafa?

BAGOBIRI: Takin zamani, Malam. In na sai buhu biyu bana, sai dai iyali su ci buhun.

MALAMIN GONA: To ka sai ɗaya. Kafin dashen shinkafa ka watsa zamarke, ko wake. In ya kwana 45 zuwa 50, tun bai yi fure ba, ka sa garma ka kife shi cikin laka.

BAGOBIRI: In shuka da hannuna, in binne da hannuna? Malam, a Tibiri wanda ya yi haka ɗaure shi ake.

MALAMIN GONA: Tumɓuko saiwar waken can. Ka ga 'yan ƙurajen nan? Ƙwayoyin bakteriya ne ciki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska. Shi kake saye a farin taki, kashi 46 cikin ɗari na buhun. Ita kuwa iskar da kake shaƙa, kashi 78 duk shi ne.

BAGOBIRI: Shekara sittin ina shaƙa, mi ya hana ni tsawo?

MALAMIN GONA: Ba ka da ƙuraje a saiwa, Baba.

(Bafillatani ya ɓullo, sanda a kafaɗa.)

BAFILLATANI: Aradu na ji ana zancen binne ɗanyen haki. Wannan zunubi ne! Ku bar shanuna su ci, in maido muku takin ta baya, kyauta.

BAGOBIRI: Bara ma haka ka ce. Suka ci nan, suka tafi suka sauke a gonar surukinka.

BAFILLATANI: Saniya ba ta san iyaka ba.

MALAMIN GONA: Ardo, a ƙasa ake so ganyen ya ruɓe. In an kife, Baba, ka sako ruwa, ka jira mako ɗaya zuwa biyu kafin dashe. In ka yi gaggawa, ruɓar za ta wahal da saiwar shinkafa. Kuma ba a sallami takin zamani ba, ragewa aka yi. Takin NPK mai 15-15-15 yana nan, don zamarke ba ya kamo sinadarin fosfaras daga iska.

BAGOBIRI: Af! Ashe dai sai na biya.

MALAMIN GONA: Amma ƙasarka za ta yi laushi, ta riƙe ruwa.

BAGOBIRI: Kuma in wake na shuka, in binne shi ban ɗanɗana ko ƙosai ɗaya ba?

BAFILLATANI: Malam, kwana nawa ka ce kafin a kife?

MALAMIN GONA: 45.

BAFILLATANI: To, zan leƙo gaisuwa ranar 44.

BAGOBIRI: Malam, cikin lissafin nan naka, nawa ne kuɗin shinge?