Ƙaramin injin turbo ba ya yafiya

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk wanda ya zo mini da maganar sayen mota tambayarsa ɗaya ce: wacce ce ba ta shan mai? Dillalai kuwa sun gano lagonmu. Za su kai ka gaban wata dirkekiyar mota, su ɗaga bonet, su ce, "Alhaji, 1.5 ce mai turbo. Ƙarfin V6, shan man Adaidaita."

Ni ma da wannan zaƙin bakin aka kama ni. Wata goma sha huɗu na yi da motar, injin ya buga mini a hanyar Zariya, da iyali a ciki, rana tsaka. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na ga rabin laifin nawa ne. Sauran rabin na raba shi tsakanin bakanikena da wanda ya hau ta a Turai kafin ta iso hannuna.

Turbo ba wani sihiri ba ne. Hayaƙin da ke neman fita ta salansa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke ɗaya bakin sandar, wadda ke danna iska cikin injin da ƙarfin tsiya. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya samu. Amma sandar nan tana iya juyawa sama da sau 150,000 a minti guda, zafin hayaƙin da ke dukanta yana kaiwa digiri 900, kuma abin da ya raba ta da gogar ƙarfe shi ne ɗan siririn baƙin mai. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Zai ɗauka, ba musu, amma ranar da harawarsa ta makara, a nan zai durƙushe.

To mu kuma su wa suka yi mana tarbiyyar riƙe mota? Fijo 504 da 406, Golf 3, da Camry ɗin nan da ake kira Big Daddy. Motoci masu haƙurin uwa. Ka zuba musu baƙin mai mai kauri, 20W-50 na jarka a bakin titi, su karɓa. Ka ɗura ruwan rijiya a lagireto, su karɓa. Bakanike ya cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka dairek, ya ce ai na ƙasar sanyi ne, su ci gaba da tafiya. Mun saba da a yafe mana har mun ɗauka ƙwarewa ce.

Ranar juyena na farko na nuna wa bakanikena murfin mai, an rubuta 0W-20 ɓaro-ɓaro. Ya kwashe da dariya. "Yallaɓai, wannan ai ruwa ne. Zafin Kano zai shanye shi. Bari in sa maka mai kauri, injin ya ji daɗi." Na yarda, don shekara goma yana duba mini mota ban taɓa kwana a hanya ba. Abin da ba mu sani ba, ni da shi, bututun da ke kai mai ga turbo siriri ne ƙwarai. Mai kauri yana jinkirin isa da safe, kuma in ka taho da gudu ka kashe mota nan take, wanda ya rage a ciki soyewa yake yi ya zama gawayi.

Akwai wata cutar da ta fi wannan muni, kuma ita ta kashe nawa. Kana giya ta sama, injin na juyawa a hankali, sai ka danne totur don ka wuce tirela. A irin waɗannan injuna fetur kan kama da wuta tun kafin fulogi ya ba shi tartsatsi, fiston na hawowa wuta na danno shi. Sau ɗaya mai ƙarfi ya isa ya tsaga shi. Masana na kiran abin LSPI, kuma sun gano sinadaran da ke cikin baƙin mai na da hannu a ciki. Shi ya sa aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018, aka biyo da SP a 2020. Don Allah, a cikinmu mutum nawa ne ke juya galan ya karanta bayansa? Balle a zo ga jabu, wanda galan ɗinsa ya fi na gaske sheƙi.

Kada kuma a ce na wanke kamfanoni. Suna da nasu. Injin Honda 1.5 na CR-V da Civic ya yi fama da zubar fetur cikin baƙin mai, har kamfanin ya janye motoci don gyara a Sin a 2018, ko da yake abin ya fi tsanani a wuraren sanyi da gajerun tafiye-tafiye. Ford a EcoBoost 1.0 da Peugeot a PureTech 1.2 sun tsoma taimin bel cikin baƙin mai. In bel ɗin ya fara ruɓewa, ɓarɓashinsa ya toshe rariyar famfon mai, shi ke nan injin ya mutu da ƙishirwa alhali man na nan cike. Abin dariyar, wannan na Ford ɗin sau uku a jere yana cin kambun injin shekara na duniya, daga 2012 zuwa 2014. Alƙalan sabo suka hau. Mu sai ya shekara goma yake zuwa mana, da mitar da aka mayar baya.

Maganar tsimin man ma a duba ta da kyau. Gaskiya ce in kai kaɗai ne, ƙafarka sako-sako. Amma ka cika mota da iyali da buhunan tsaraba, ka kunna AC a zafin Afrilu, ka miƙe hanyar Maiduguri kana 130, to turbo ba ta hutawa, kwamfutar motar kuma ƙara fetur take yi don ta sanyaya injin. A nan ban ga bambancinta da tsohuwar 2.4 ɗina ba. Da injin ya buga kuwa, na zaga Ƙofar Ruwa ban samu ba, na aika Panteka babu, sai daga Legas aka ɗoro mini. Kuɗinsa ya cinye duk abin da na tsimta a gidan mai, ya nemi ƙari.

Na gyara na sayar, na koma Corolla 1.8 marar turbo. Ma'aikacin da ke da mota ɗaya tal, wadda ita ce ta makarantar yara, ita ce ta asibiti da tsakar dare, har gobe shawarar da zan ba shi ke nan. Sai dai na san kwanan wannan shawarar ƙirgagge ne. Accord ɗin da ta fito a 2018 ba 2.4 ba V6, an maye gurbinsu da 1.5 da 2.0 masu turbo. Motocin Sin da ke cika titunan Abuja, irin su GAC da Chery da Changan, da yawansu 1.5 turbo ne. Nan da 'yan shekaru su za mu tarar a wurin dillalai, ko muna so ko ba ma so, kuma garejinmu har yanzu da kunne da guduma ake gane ciwo.

Ƙanina ya nace sai ya sayi irinta, wai ta fi kyan fitilu. Na ce to, bisa sharaɗi: man da aka rubuta a murfi, daga dila na gaske, juye duk kilomita 5,000, sabon matacin iska da zarar hunturu ya wuce, kuma in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar ta a kunne minti ɗaya ko biyu kafin ya zare makulli. Ya ce, "Yaya, duk na ji." Shekaranjiya na biya ta gidansa na tarar da bonet a buɗe, yana tsiyaya fiya wata a lagireto. Leda ta uku ce a hannunsa.