Dajin Lekki Ba Gidan Zu Ba Ne

Hausawan Legas da yawa, musamman masu kai yara yawon Sallah daga Agege ko Idi-Araba, suna ɗaukar Lekki Conservation Centre gidan zu ne. Shi ya sa ake zuwa da biskit ana miƙa wa birai, wai tausayi. Ƙungiyar kare muhalli ta Nigerian Conservation Foundation (NCF) ta keɓe dajin nan mai hekta 78 ne a 1990 don namun daji su zauna sake, su nemi abinci da kansu. Birin da ya saba da hannun mutum yakan daina kiwo, ya koma fizgar jakar baƙi, har da cizo. Ledar biskit ɗin kuwa, abin takaici, cikin fadamar da ke shanye ruwan damina take ƙarewa.