Drexel ta yi faɗi, amma ina ɗan ma'aikacin da aka gina ta dominsa?

Tun ƙarshen shekarar 2024, lokacin da hukumar Jami'ar Drexel da ke birnin Filadelfiya na Amurka ta bayyana cewa tana fama da giɓin kasafin kuɗi na dala miliyan 63, ta kuma sallami ma'aikata kusan 60, ake ta nanata bayani iri guda a kan abin da ya same ta, kuma wannan bayanin ya kai ni maƙura. Ana ɗora laifin a kan raguwar haihuwa da ta biyo bayan durƙushewar tattalin arziki na 2008, da kuma tangarɗar da aka samu a shekarar 2024 wajen cike takardar neman tallafin karatu ta gwamnatin tarayya, wadda aka ce ita ta sa sababbin ɗalibai suka ragu da kimanin 500. Daga nan sai a wuce kai tsaye zuwa magani: a ƙarasa haɗe jami'ar da Jami'ar Salus, a tattara kwalejojinta wuri guda, sannan daga 2027 a yi watsi da tsarin zango huɗu a shekara a koma zango biyu kamar yadda yawancin jami'o'in ƙasar suke yi. Ma'anar wannan duka ita ce, a ganinsu, Drexel za ta tsira ne idan ta ƙara girma kuma ta ƙara kama da kowa.

Wannan bayani bai tsaya da ƙafafunsa ba. Yaron da aka haifa a 2008 sai a 2026 yake cika shekara 18, don haka rashinsa ba zai iya zama dalilin giɓin da aka sanar a 2024 ba. Matsalar takardar tallafi kuwa ta taɓa kowace jami'a a Amurka, amma ba kowace ce ta wayi gari tana korar ma'aikata ba. Ita kanta hukumar Drexel ta siffanta giɓin da cewa na tsari ne, wato kuɗin da ke fita ya riga ya rinjayi wanda ke shigowa tun kafin ɗaliban su ragu. Tambayar da ya kamata a yi ita ce ta yaya makarantar da aka kafa domin koya wa 'ya'yan ma'aikata sana'a a farashi mai sauƙi ta tara wa kanta nauyin da take kasa ɗauka duk da cewa abin da take rubuta wa ɗalibi a matsayin kuɗin shekara ya haura dala 60,000.

Amsar tana cikin tarihinta. Anthony J. Drexel, hamshaƙin mai banki wanda ya yi haɗin gwiwar kasuwanci da J. P. Morgan, shi ya kafa makarantar a 1891 da dukiyarsa, shekara biyu kafin rasuwarsa. Bai kira ta jami'a ba. Ya sa mata suna cibiyar koyar da zane da kimiyya da masana'antu, a lokacin da Filadelfiya take cike da masaƙu da masana'antun ƙera kan jirgin ƙasa da wuraren gina jiragen ruwa, waɗanda ke buƙatar mutanen da suka iya karanta zanen injin, suka iya lissafin ma'aikata, suka iya riƙe littafin ciniki. An buɗe ƙofarta ga maza da mata ba tare da duba addini ko launin fata ba, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani, kuma an tanadi azuzuwan dare domin wanda ya wuni a bakin injin ya zo ya ƙaro ilimi bayan an tashi daga aiki. Har koyon aikin ɗakin karatu da sarrafa gida da girki an saka a cikin manhajarta. Ba ta fara ba da digiri ba sai a 1914, ta zama cibiyar fasaha a 1936, sunan jami'a kuwa sai a 1970 ta ɗauka, bayan kusan shekara 80 tana aiki ba tare da shi ba, kuma babu wanda ya isa ya ce a waɗannan shekarun ba ta da daraja.

Abin da ya bambanta ta da saura ya zo ne a 1919, zamanin shugabanta Hollis Godfrey, lokacin da ta rungumi tsarin karɓa-karɓa tsakanin aji da wurin aiki, wanda Herman Schneider ya ƙirƙiro a Jami'ar Cincinnati a 1906. Ya kamata a fahimci yadda wannan tsari yake gudana, domin a nan ne maganar take. An kasa shekara gida huɗu, kowane zango yana ɗaukar kimanin mako goma na karatu. Ɗalibi yakan ajiye littafi na tsawon zango biyu a jere, wato wata shida cur, ya je kamfani ya zama ma'aikaci na cikakken lokaci, yana sa hannu da safe kamar kowa, yana da shugaban da zai tuhume shi idan ya yi kuskure, kuma a mafi yawan lokuta ana biyan sa albashi. Ana raba ɗalibai kashi biyu: wani rukuni yana fita a kaka da hunturu, ɗayan kuma a bazara da rani, ta yadda ranar da wannan ya tashi daga kujerar aiki wancan yana zuwa ya zauna. Kamfanin lantarki ko na sadarwa ko na haɗa magunguna da ya ware gurbi ya san gurbin ba zai taɓa zama fanko ba, shi ya sa yake ba ɗalibin aiki na gaske maimakon aiken sayo shayi. Wanda ya zaɓi karatun shekara biyar yakan yi wannan zagaye har sau uku, ya fita da digiri da kuma wata 18 na gogewa a hannu. Duk wanda ya san yadda ɗalibanmu suke yawon neman wanda zai buga musu hatimi a littafin SIWES, shirin horon aiki na ɗalibai a Najeriya, zai gane tazarar da ke tsakanin horon da aka jingina a gefen karatu da horon da aka gina kalandar makaranta kacokan a kansa.

Irin wannan makaranta ce ta haifar da abubuwan da duniya take amfani da su yau. A 1948 wani ɗalibinta mai suna Bernard Silver ya ji shugaban wani kamfanin shagunan abinci yana roƙon wani babban malami da a samo hanyar da na'ura za ta riƙa gane kaya a wurin biyan kuɗi. Ya kai maganar ga abokinsa Norman Joseph Woodland, wanda daga baya, yana zaune a bakin teku a Miami, ya ja yatsunsa a cikin yashi yana tunanin ɗigo da jan layi na saƙon tangaraho, ya ga cewa za a iya miƙar da su su zama layuka masu kauri da sirara. Sun sami takardar mallakar fasahar a 1952, kuma daga nan ne layukan da ake bugawa a jikin kowane kwalin madara suka samo asali. Paul Baran, wanda tunaninsa na yanka saƙo ƙanana-ƙanana a tura ta hanyoyi daban-daban yake cikin tubalan da aka gina intanet a kansu, a 1949 ya kammala a can. Duk wannan ya faru ne tun Drexel ba ta da makarantar likitanci, ba ta da ta lauyoyi, ba ta ma da sunan jami'a. Abin da take da shi shi ne kusanci da masu matsala ta zahiri, har ta kai mai shago yana iya shigowa ya kawo kukansa. Ko a farkon shekarun 1980, lokacin da ta wajabta wa sababbin ɗalibai mallakar kwamfuta, suka karɓi Macintosh a 1984, wannan ruhi ne yake aiki.

Ban musanta cewa a farkon shekarun 1990 makarantar ta shiga mawuyacin hali ba, ɗalibai suka ragu, gine-gine suka lalace, kuma Constantine Papadakis, wanda ya shugabance ta daga 1995 har rasuwarsa a 2009, ya ceto ta, ya ninka yawan ɗalibanta. Sai dai ceton ya zo da wata aƙida da ta zauna daram har yau, cewa kowace dama ta faɗaɗa wajibi ne a cafke ta. Da kamfanin lafiya na Allegheny ya karye a 1998, Drexel ta karɓi ragamar makarantar likitancinsa, ta haɗe ta gaba ɗaya a 2002. A 2006 ta buɗe makarantar lauyoyi a garin da tuni yake da irinsu. A 2009 ta tsallaka har Sakramento a jihar Kaliforniya ta buɗe reshen karatun gaba da digiri, wanda a 2015 aka sanar za a rufe. John Fry, wanda ya hau a 2010, ya ɗora daga nan: a 2011 aka jingina tsohuwar cibiyar nazarin halittu ta Filadelfiya da gidan tarihinta ga jami'ar, a 2016 aka ƙaddamar da shirin gine-gine na Schuylkill Yards na dala biliyan 3.5 tare da wani kamfanin dillancin filaye. A watan Yulin 2024 aka bayyana naɗa shi shugaban Jami'ar Temple da ke birnin, watanni kaɗan kafin a sanar da giɓin.

Harkar likitanci ita ce ta fi nuna tsadar wannan aƙida. Drexel ta mallaki makarantar likitanci amma asibitin koyarwarta, Hahnemann, yana hannun 'yan kasuwa masu neman riba. Da mai asibitin ya rufe shi a 2019, likitoci masu neman ƙwarewa sama da 500 suka rasa wurin horo dare ɗaya, jami'ar ta rage ma'aikatan sashen lafiyarta da yawa, sannan ta shiga haɗin gwiwa da rukunin asibitoci na Tower Health suka sayi asibitin yara na St. Christopher's a kan dala miliyan 50, ita kuma Tower Health ba a jima ba ta faɗa nata ƙangin bashin. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Kowace sa'a da shugabanni suka ɓata suna ɗinke wannan ɓaraka, sa'a ce da ba a yi amfani da ita wajen tambayar dalilin da ya sa ɗan direban bas na yammacin Filadelfiya yake kallon farashin Drexel ya juya baya ba.

Maƙwabtan jami'ar ma suna da nasu lissafin. A shekarun 1960, ƙarƙashin shirin sabunta birane, an rushe unguwar baƙaƙen fata da ake kira Black Bottom domin a samar wa jami'o'in yankin, har da Drexel, filin faɗaɗawa da cibiyar binciken kimiyya, aka tarwatsa iyalai masu yawa. Unguwar Mantua da ke arewa da harabar tana cikin mafiya talauci a birnin, kuma mazaunanta suna kallon hasumiyoyin gilashi suna tashi yayin da kuɗin haya yake bin su. Makarantar da aka kafa domin talakan birni ta kai matsayin da talakan birni yake tsoron girmanta, wannan kuwa abin kunya ne da babu kyakkyawan gini da zai rufe shi.

A cikin wannan hali ne aka zaɓi a taɓa kalanda. Hukumar ta yi alƙawarin cewa fita aiki na wata shida zai ci gaba, kuma hujjarta ita ce zango biyu zai sauƙaƙa wa ɗaliban da ke sauyowa daga wasu makarantu, ya kuma rage wa yara gudun mako goma. Masu kare matakin sukan kawo misalin Jami'ar Northeastern ta Boston da ta yi irin wannan sauyi a 2003 ta kuma bunƙasa, suna mantawa cewa kwaikwayon wanda ya riga ka da shekara ashirin ba ya mayar da kai shi. Abin da ya dame ni shi ne fifikon da matakin yake nunawa. Za a shafe shekaru malamai suna sake rubuta dubban kwasa-kwasai, ana kashe kuɗi da lokaci, domin a warware matsalar da ba ita ta haifar da giɓin ba, kuma a kan tsarin da ya fi ƙarni guda yana aiki daidai da buƙatar kamfanoni. Jami'ar da take karɓar kuɗi irin na manyan jami'o'i masu tsohon suna, alhali ba ta da asusun ajiya irin nasu, hujja ɗaya take da ita a gaban uba mai biyan kuɗi, ita ce ɗansa zai fita ya iya aiki kuma ya riga ya san masu ɗauka. Duk matakin da ya sa ta ƙara kama da maƙwabtanta yana raunana wannan hujja, a birnin da Jami'ar Pennsylvania take manne da ita da dukiyar da ba za ta taɓa kamowa ba, Temple kuma take ba 'yan jiha karatu a farashi mai rahusa sosai.

Ba kuma za a ce ba a ga gargaɗi ba. A watan Yunin 2024 Jami'ar Zane-zane ta Filadelfiya ta rufe da sanarwar mako guda kacal, Jami'ar Cabrini ta rufe a shekarar, Jami'ar Kimiyya ta birnin kuwa tun 2022 Jami'ar Saint Joseph's ta haɗiye ta. Wasu sun karanta wannan a matsayin dalilin da zai sa Drexel ta yi sauri ta ƙara haɗiye wasu kafin a haɗiye ta, kuma wannan karatu ne na mai tsoro, domin tara makarantu masu rauni wuri guda ba ya haifar da mai ƙarfi.

Antonio Merlo, wanda ya karɓi shugabanci a watan Yulin 2025, masanin tattalin arziki ne, don haka ba ya buƙatar a koya masa bambancin kadara da kaya mai cin kuɗi. Abin da ake jira daga gare shi shi ne ya dakatar da sayen sababbin rassa, ya fito fili ya nuna waɗanne sassa ne suke ciyar da kansu waɗanne ne kuɗin ɗaliban injiniya da kwamfuta yake ɗauke da su, ya kuma sauko da farashin da ake rubutawa zuwa kusa da abin da iyalai suke biya a zahiri bayan rangwame, domin adadin farko shi yake korar talaka tun kafin ya cike takarda. Ya kamata kamfanonin da suka daɗe suna morar ɗaliban Drexel su sa hannu a kuɗin karatunsu, a kuma dawo da karatun dare ga ma'aikata zuwa tsakiyar aikin jami'ar, tare da gurabe na musamman ga yaran Mantua da sauran unguwannin da ke kewaye da ita. Idan kuma har sauyin kalandar ya zama babu makawa, to kafin 2027 hukumar ta wallafa a rubuce yadda rukunin ɗalibai biyu za su ci gaba da karɓar juna a wurin aiki ba tare da gurbi ya zauna fanko ba, da sunayen kamfanonin da suka amince da sabon jadawalin.