Mai kemis a Ingila da mai kemis a gida: wa ke biyan kuɗin shawara?

Tun ranar 31 ga Janairun 2024 hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta ba masana haɗa magunguna da ke kantunan unguwa izinin duba masu fama da wasu ƙananan cututtuka guda bakwai, su kuma ba da magani ba tare da takardar likita ba. Tsarin, wanda ake kira Pharmacy First, ya ƙunshi ciwon maƙogwaro da ciwon kunne ga yara da kumburin kogon hanci da cizon ƙwaro da ya yi ruwa, sai ciwon mafitsara ga mata masu shekara 16 zuwa 64, da wasu ƙurajen fata iri biyu. Sikotilan ta riga su farawa tun 2020. Dalilin a bayyane yake: samun ganin likitan unguwa ya zama sai an yi ta buga waya da ƙarfe takwas na safe, wani lokacin kuma a jira makonni.

Mu da muka tashi a arewacin Nijeriya, wannan labari yakan sa mu murmushi, domin abin da Turawa ke murnar ƙirƙirowa shi ne muka buɗi ido muka tarar. A unguwanninmu mai kemis ne likitan farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe. Uwa za ta ce masa, "Malam, yaron nan jikinsa da zafi, a haɗa masa magani," shi kuwa ya ɓare ƙwayoyi kala uku ko huɗu, ya ƙulle a leda, wani ma ya ɗora da allura ko ƙarin ruwa a bayan labule.

Sai dai na zauna a nan Ingila har na fahimci cewa sunan ne kawai ya yi kama. Wanda ke duba mutum a kantin magani a Ingila ya yi shekara huɗu a jami'a da shekara guda ta horo kafin a yi masa rajista. Akasarin masu kemis a gida kuwa ba masana haɗa magunguna ba ne, masu lasisin sayar da magungunan da ba sa bukatar takardar likita ne, kuma dokar da PCN, hukumar kula da sana'ar haɗa magunguna ta Nijeriya, ke aiki da ita ba ta ba su damar yin allura ko sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ba na ɗora musu laifin gaba ɗaya, domin a ƙauyen da asibiti ke da nisa kuma aljihu ba nauyi, su ne suka rufa wa jama'a asiri.

Abin da na fi ganin ya raba wuraren biyu shi ne yadda ake biyan kuɗi. Da aka fara tsarin, NHS tana biyan kantin fam 15 a kan kowane mutum da aka duba bisa ka'ida, ko an ba shi magani ko ba a ba shi ba. Saboda haka idan aka leƙa maƙogwaron yaro aka ga ciwon irin mai warkewa da kansa ne, babu asarar da masanin zai yi idan ya ce a sha farasitamol a huta. Idan kuma ya ga alamar da ta wuce iyakarsa, zai tura mutum wurin likita, ya aika da bayanin abin da ya yi cikin kundin lafiyarsa. Mai kemis a Kano ko Katsina ba shi da wanda zai biya shi kuɗin shawara. Abincinsa na cikin abin da ya sayar, kuma in ya ce wa mai zazzaɓi ya je a gwada jininsa tukuna, maƙwabcinsa ne zai samu cinikin. Daga nan ne "maleriya da taifot" suka zama tagwayen da ake yi wa kusan kowane zazzaɓi magani, alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi gwaji kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma gwajin ɗigon jini ne na mintoci kaɗan.

Gwamnatinmu ta fi saba wa da hani da rufe shaguna. Ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, an kuma tayar da dillalan magunguna na Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro a 2024. Matakai ne masu amfani, amma ba su taɓa tambayar da ke gabanmu ba. A ra'ayina, tun da jama'a ba za su daina zuwa kemis ba, ya kamata a horar da masu shi kan cututtuka ƙalilan da aka fayyace, irin su zazzaɓin cizon sauro da gudawar yara da ake magance ta da ruwan gishiri da sukari da zinki, sannan hukumomin inshorar lafiya na jihohi su riƙa biyan su a kan gwaji da tura mara lafiya asibiti, yadda wanda ya hana magani a inda bai dace ba ba zai kwana da yunwa ba.