Kallon dabbobin teku a Aberdin, da ungulun da suka ɓace daga mahautarmu

Shekara ta huɗu ke nan ina zaune a Aberdin, garin da ke bakin Tekun Arewa a gabashin Sikotlan, wanda 'yan Najeriya da dama suka sani saboda kamfanonin mai da jami'o'insa biyu. Gari ne mai launin toka domin da dutse aka gina shi, kuma idan hazon teku ya rufe shi yakan tuna mini hazon hunturu a Kano, sai dai namu ƙura ce busasshiya, nasu kuwa danshi ne mai ratsa ƙashi. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ta yadda Azahar da La'asar da Magariba suke zuwa kusan a jere, a Yuni kuwa sai bayan ƙarfe goma na dare. A waɗannan dogayen ranaku ne abokai suka fara jan ni yawon kallon dabbobi, abin da a da nake ɗauka aikin wanda ya ƙoshi ne.

Fitarmu ta farko ba ta yi nisa ba. Wani Bature abokin aikina ya kai mu Torry Battery, tsohon sansanin igwa da aka gina a 1860 a kan tudun da ke kallon mashigar tashar jiragen ruwa, inda kogin Dee yake shiga teku. Muka tsaya kusan awa guda iska tana kaɗa mu, har wani abokina ɗan Damagaram ya juyo ya ce mini: "Malam, yanzu duk wannan sanyin don kifi muke sha, kifin ma da ba za a soya mana ba?" Bai rufe baki ba sai ga dabbar da ake kira dolfin ta yi tsalle a gefen wani jirgi mai fita, wasu biyu suka biyo ta. Ba kifi ba ce, domin iska take shaƙa kuma tana shayar da ɗanta nono. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wata tsohuwa ce da ke kusa da mu, wadda ta sauke madubin hangen nesanta, ta duba agogo, ta rubuta lokaci da adadinsu a ɗan littafi, sannan ta zuba wa kanta shayi daga fulas.

Daga baya mun je Newburgh, kimanin kilomita 20 arewa da gari, inda dabbobin teku da suke kira sil suke kwanciya da ɗaruruwansu a kan rairayin bakin kogin Ythan, suna kuka mai kama da na jarirai daga nesa. Daga tsallaken kogi ake kallonsu, domin tun 2017 doka ta ware wurin, kuma tsokanarsu laifi ne. Mun kuma je Fowlsheugh, kudu da Stonehaven, inda tsuntsayen teku sama da dubu ɗari suke yin sheƙa a jikin dutse, warin kashinsu yana tarbar mutum tun kafin ya gan su. Ba mu biya kuɗin shiga ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba, kuma wata dokar Sikotlan ta 2003 ta bai wa kowa damar ratsa yawancin filaye da ƙafa muddin bai yi ɓarna ba.

Ra'ayina bayan waɗannan fitar shi ne, tsohuwar nan mai littafi ta fi dokar da ta kare sil muhimmanci. Dokar ta zo ne saboda akwai dubban irinta da suka san yawan dabbobin bara, za kuma su lura idan sun ragu bana, su dami hukuma har ta motsa. Ba wai mutanen nan sun fi mu tausayi ba ne. Kakanninsu sun yi farautar manyan dabbobin teku don man jikinsu, kuma har yau suna tsine wa fararen tsuntsayen bakin teku da ke fizge abinci daga hannun mutum a tsakiyar gari. Ni ma an taɓa fizge mini burodi a bakin teku, na tuna da gwaggon birin Yankari da ke kwace ledar baƙo a sansanin Wikki. Bambancin shi ne sun saba da kallo, kuma sun mayar da kallon lissafi.

Mu ba abin kallo muka rasa ba. Yankari, wadda aka keɓe a 1956, ta haura murabba'in kilomita 2,200, tana da giwaye, ga ruwan Wikki mai ɗumi kamar an sirka shi. A fadamun Haɗeja da Nguru tsuntsayen Turai suke sauka su yi hunturu, a Kure kuma, kusa da Yamai, akwai raƙuman dawa. Amma yawon buɗe ido na ɗan Kano, idan za a faɗi gaskiya, bai wuce gidan zu na Audu Bako ranar Sallah ba, inda ake ganin zaki a keji, a ɗauki hoto, a sha ƙanƙara a koma gida. Fitarmu ta zumunci ce, zuwa ga mutane muke yi, kuma ina kewar wannan ƙwarai, domin a nan mutum zai yi awa biyu kusa da wani ba su wuce gaisuwa ba. Sai dai dabba a wurinmu ko nama ce, ko magani, ko kuwa ba a ganinta sam.

Ungulu ita ce shaidata. Muna yara, babu mahautar da za ka je ba ka tarar da su jere a kan katanga ba, har karin magana muke da ita ta ungulu da kan zabo. Yanzu sun ɓace daga yawancin garuruwanmu, sakamakon guba da kuma cinikin sassan jikinsu don tsibbu, kuma tun 2015 irin ungulun da muka saba gani a gari yana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba a yi jimami ba, domin babu wanda yake ƙirga su. Haka gauraka, wadda a yau ya fi sauƙi a gan ta a tsakar gidan attajiri fiye da a fadama.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi. Wanda bai samu na cefane ba ba zai sayi madubin hangen nesa ba, dazuzzuka irin su Kamuku sun zama wuraren da mai hankali ba zai shiga da sunan yawo ba, kuma manomin da giwa ta tattake masa gona ba ya bukatar wa'azi daga wanda ke zaune a Turai. Duk da haka ban yarda cewa al'adar lura da halitta baƙuwa ce a wurinmu ba. Shamuwa tana sheƙa a kan bishiyar tsakiyar ƙauye, yaro mai danƙo bai isa ya harbe ta ba, domin dattawa sun san zuwanta alamar damina ce, kuma suna iya gaya maka ko ta yi sammako bana ko ta makara. Wannan ma lissafi ne, ba tare da littafi ba, kuma shi ya kare ta.

Makon jiya na kira yayana a waya na tambaye shi yaushe rabonsa da ganin ungulu. Ya yi dariya ya ce sanyin Turai ya fara taɓa ni, sannan ya yi shiru na ɗan lokaci. Da ya sake magana sai ya ce: "Ka san kuwa, tun kafin auren Hajiya ƙarama ban ƙara ganin ko ɗaya ba." Na ce masa idan shamuwa ta iso bana ya sa babban ɗansa ya rubuta mini ranar, ya kuma ƙirga sheƙa nawa ne a kan tsamiyar ƙofar masallaci.