Zuwa aiki a kan babur a Kano: fetur ba shi ne duka lissafin ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikata da yawa a Kano suka jingine mota suka koma babur. Wanda a da yake jin nauyin a gan shi a kan Lifan, yanzu shi ne yake bin mutane yana tambayar wane mashin ne ba ya shan mai. A ganina sun yi daidai. Ga mai albashin da yake zaune a Rijiyar Zaki ko Mariri ko Kurna, aikinsa kuma yana Sakatariyar Audu Bako ko Bompai ko Sharaɗa, babu abin hawan da ya kai babur sauƙi. Inda nake da ja shi ne wajen lissafi. Yawancinmu kuɗin mai kawai muke ƙirgawa, sai mu rufe littafi mu ce mun ci riba.

A ce tsakanin gidanka da wurin aiki kilomita 12 ne. Zuwa da dawowa 24 ke nan, a kwana 22 na aiki a wata ya kama kilomita 528. Ƙaramin mashin mai lafiya, irin Boxer ko roba-roba, yakan yi kamar kilomita 40 da lita ɗaya a cikin gari, wato wajen lita 13 a wata. Ka kwatanta da kuɗin adaidaita hawa biyu zuwa, hawa biyu dawowa, za ka ga tazarar da kanka. Amma wannan rarar ba taka ba ce duka. A ciki akwai kuɗin baƙin mai, da taya, da cen, da birki, da takardu, da hular kwano. Wanda bai ware musu kasonsu a hankali ba, wata rana zai biya su a dunƙule, ko a wajen makanike ko a Asibitin Ƙashi na Dala.

Sannan titin Kano na yau ba na zamanin acaɓa ba ne. A watan Janairun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan adaidaita sahu ta gaje titi. Wannan ya canza wa mai babur komai, domin ɗan adaidaita idonsa yana bakin titi yana neman fasinja. Da an ɗaga masa hannu zai yanko dama ya tsaya, ba sigina ba komai. Saboda haka wuri mafi haɗari ga mai babur a Kano shi ne tsakanin adaidaita da gefen titi. Kada ka wuce shi ta dama. In kana bayansa, ka riƙa kallon mutanen da ke tsaye a gefen hanya fiye da yadda kake kallon fitilar birkinsa, wadda sau da yawa ma ba ta kamawa. Hannun da aka ɗaga a gaba shi ne sanarwar cewa zai tsaya.

Manyan motoci kuwa, tirela da tifa da ake haɗuwa da su a titin Zariya da hanyar Dawanau da wajen Sharaɗa, ƙa'idarsu ɗaya ce: in ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Tirela in za ta sha kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke ta ciki. Mai babur da ya kutsa cikin wannan kusurwar a shataletale don ya riga ta fita, ya shiga inda babu wurin gudu.

Akwai abubuwa biyu da ake yi wa sabon mashin a garin nan da suke ba ni mamaki. Na farko a kwance madubai a ajiye a gida, wai sun sa mashin ya zama na tsofaffi. Na biyu a ƙaurace wa birkin gaba, wai yana kayar da mutum. Gaskiyar magana, idan ka taka birki nauyin mashin da naka gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce take da mafi yawan ƙarfin tsayawa. Mai dogaro da birkin ƙafa kaɗai, tayar bayansa za ta kulle ta ja ƙasa, mashin ya yi ta sulɓi har ya daki abin da yake gudu. Abin da yake kayarwa shi ne damƙar birkin gaba lokaci guda, musamman a kwana ko a kan yashi. Yadda ake yi: ka saki totur, ka matsa na hannu a hankali kana ƙarawa, ƙafa tana taimakawa, mashin yana miƙe. Wannan sai an koya a fili, ranar hutu, kafin ranar da za a buƙace shi. Kuma ka tuna, a gudun kilomita 50 a awa, duk daƙiƙa ɗaya kana cin kusan mita 14. Kafin hannunka ya kai ga birki ka riga ka shafe wannan tazarar. In ka ninka gudu, nisan da birki yake buƙata ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi.

Yanzu ga inji, inda aka fi yin asarar da ba a gani. Waɗannan mashinan iska ce take sanyaya su, ba ruwa ba. A cunkoson 'Yankura ko Bata ko bakin Kantin Kwari, a watan Afrilu da zafi yake kai maki 40, inji yana aiki amma iska ba ta ratsa shi. Abin da ya rage masa shi ne baƙin mai, kuma cikinsa duka bai wuce lita ɗaya ba. Lita ɗayan nan ita take shafa fistin, ita take shafa giya, a cikinta kuma kuloci yake wanka. Shi ya sa man mota bai dace ba: wasu daga cikinsu an sa musu sinadarin ƙara santsi, sai kuloci ya fara zamewa, ka ji inji yana ihu mashin ba ya tafiya. Ka nemi wanda aka rubuta 4T a jikinsa, mai kauri 20W-50, a robarsa a rufe. Man awo da ake tsiyayowa daga jarka a bakin titi, ba ka san mene ne a ciki ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba.

Da ƙurar Kano, ni shawarata a yi juye, wato canjin baƙin mai, duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. A lissafinmu na sama, duk wata biyu ke nan ko ɗan fiye. A yi shi inji yana da ɗumi don dattin ya biyo man. Ka tsaya a kan yaron makanike lokacin da yake mayar da noti na ƙasa, domin in ya ɗaure shi da ƙarfin tsiya zaren zai cinye, daga nan mashin ya fara ɗigar mai har abada. Tsakanin juye da juye kuma, sau ɗaya a mako ka kafe mashin a tsaye, ka zaro ma'aunin ka duba. In man yana raguwa kuma salansa tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, ringin fistin ya fara tafiya.

Abin da yake cinye ringin kuwa galibi ƙura ce da ta wuce ta iyakilina, wato matatar iskar da ke shiga inji. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a buɗe shi duk sati biyu. In na soso ne a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. In na takarda ne ba a wanke shi, canzawa ake yi. Wasu in ya toshe sai su cire shi gaba ɗaya, su ji mashin ya ƙara tashi, suna murna. Yashi suke ɗura wa injin.

Tun tsadar mai kuma wata sabuwar al'ada ta shigo: a je wajen makanike a ce ya matse kafireto don mashin ya rage sha. Yana ragewa kam. Amma in iska ta yi wa mai yawa a cikin inji, zafinsa ƙaruwa yake yi, bawul ya ƙone, ƙarfi ya ragu, abin da aka tara a wata shida ya tafi a buɗe inji sau ɗaya. Fulogi zai gaya maka gaskiya. Ka kwance shi ka duba bakinsa: launin ƙasa-ƙasa lafiya lau, baƙi mai toka mai ya yi yawa, fari fat an matse fiye da kima. Mai son rage shan mai da gaske, ya gyara iskar taya, ya tsabtace iyakilina, ya daina murza totur yana tsaye a danja.

Taya ita ma ba a ba ta haƙƙinta. Mai faci zai buga iska ya latsa da babban yatsa ya ce ta yi. Ka ce ya sa geji. A irin waɗannan mashinan, a ma'aunin PSI na geji, gaba wajen 25, baya 28 in kai kaɗai ne, zuwa 32 in da goyo. Ainihin adadin yana cikin littafin mashin ko a jikinsa. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Iska in ta yi kaɗan mashin zai sha mai, tub ya yi zafi ya fashe. In ta yi yawa, abin da yake taɓa kwalta ya ragu, birki ya rage kamawa. Taya kuma in zanenta ya shafe, kada a jira damina ta tuna maka.

Cen a bar masa sassauci kamar santimita 2 zuwa 3 in ka ɗaga shi da yatsa a tsakiya. In ya yi sako-sako zai iya faɗowa ya kulle tayar baya kana cikin gudu. In an ɗaure shi tamau zai ci boris na giya. A sa masa man giya mai kauri, ba tsohon baƙin man da aka juye ba, wanda ƙura kawai yake tarawa. Ranar canji a canza shi tare da haƙoransa na gaba da na baya, in ba haka ba tsohon zai cinye sabon cikin 'yan watanni. Murfinsa kuma a bar shi inda kamfani ya sa shi. Ba don ƙura kaɗai ba: bakin babbar riga da hijabin uwargida ko na 'yar makaranta da aka goyo, cen da sifok ɗin taya ba sa yi musu sallama. Kafin a tashi, a tattare tufa a zauna a kai.

Hular kwano ita ce inda za a ce na cika surutu. Na san hujjojin: zafi, da ɓata karin hula, da kuma kada a ce mutum ya cika tsoro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta tun Janairun 2009, amma kowa ya ga yadda abin ya ƙare a titunanmu. Ƙafa in ta karye ana ɗorawa, a asibiti ko a wajen mai ɗori. Ƙwaƙwalwa ba ta da mai ɗori. Ka sa zannarka ko damangarka a leda a cikin jaka, in ka isa ofis ka kafa abarka. Kuma hular leburorin gini ba hular babur ba ce, haka wadda ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, ita za ta riga ka isa ƙasa.

Damina tana da nata sharaɗin. Ruwan farko ya fi kowanne santsi, domin yana taso da man da ya zuba a kwalta duk tsawon rani. A watan Agusta kuma, in ruwa ya kwanta a titi, ba ka san inda rami yake ba, ba ka san inda aka ɗauke murfin kwalbati ba. Ka bi sawun motar da ke gabanka, a giya ta ɗaya, totur bai sauka ba. In ruwan ya kai bakin salansa, ka haƙura ka zaga. In mashin ya mutu a cikin ruwa mai zurfi kada ka yi ta buga kik. Ka tura shi waje, a cire fulogi, a buga kik ruwan ya fita, a duba baƙin mai. In ya koma kalar madara, ruwa ya shiga, sai juye. Bayan ka fito daga ruwa kuma ka ɗan riƙa taɓa birki kana tafiya a hankali har ya bushe.

Lokacin fita shi ma gyara ne. Rabin gangancin safiya, bin hannun da ba naka ba, da tsallake danja, da kutsawa tsakanin motoci a hawan gadar Ƙofar Nasarawa, duk daga makara suke. Minti goma sha biyar da za ka riga masu kai yara makaranta fita ya fi duk wata ƙwarewa. Da azumi kuwa, rabin awar da ke gaban shan ruwa, gara ka sha ruwan a inda kake.

Saura takardu da ɓarayi. Ka yi wa mashin lamba, ka riƙe lasin, don tsayawa gardama da 'yan KAROTA, masu kula da zirga-zirgar titunan Kano, da ƙarfe takwas saura ba ya cikin abin da ka fito yi. In na hannu za ka saya, ka gwada lambar inji da ta bodi da abin da ke rubuce a rasit, harafi da harafi, a yi ciniki gaban shaidu. Ka ɗauki hoton lambobin ka ajiye a waya da kuma gida. Makullin kai na kamfani ba ya tsayar da ɓarawo, murɗa ɗaya ake yi masa ya karye. Ka ƙara da sarƙa mai kauri ta ratsa tayar baya, a ɗaure da ƙarfe ko turke in akwai. A kasuwa da masallacin Juma'a da bakin banki, ka biya mai gadin da yake ba da kati, ka kuma duba cewa lambar da ke katin ita ce a jikin mashin ɗinka kafin ka juya baya.